Fina-finan masu kamfanonin fasaha: An nuna mana mai laifi, ina waɗanda suka ba shi kuɗin?

Cikin makonni uku kacal, daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris na 2022, kafofin nuna fina-finai uku na Amurka suka saki fina-finai masu dogon zango da suka yi kama da juna kamar an haɗa baki. Showtime ta fito da Super Pumped, labarin Travis Kalanick na kamfanin Uber. Hulu ta biyo baya da The Dropout, kan Elizabeth Holmes da kamfaninta na gwajin jini, Theranos. Apple kuma ta rufe da WeCrashed, wanda ya bi diddigin Adam Neumann, mai kamfanin hayar ofisoshi na WeWork. Dukkansu salo ɗaya ne: matashi mai baiwar iya magana ya zo da buri, attajirai suka yi masa ruwan daloli, kansa ya kumbura, daga ƙarshe ya faɗo.

Fina-finan sun samu karɓuwa, har Amanda Seyfried ta ci kyautar Emmy saboda fitowa a matsayin Holmes. Amma akwai wani abu da ya faru a daidai wannan tsakanin wanda ba a sa shi a fim ba, kuma shi ne ya fi bayyana yadda aka yi waɗannan mutane suka kai inda suka kai. Ranar 16 ga Maris, 2022, Babban Bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa. Tun daga rikicin tattalin arziki na 2008, bankin ya shafe shekara bakwai yana riƙe da kuɗin ruwa dab da sifili, ya ɗan ɗaga, sannan ya sake mayar da shi ƙasa lokacin korona. Ma'ana, mai kuɗi ba ya samun abin kirki idan ya ajiye a banki ko ya ba gwamnati rance. Sai manyan asusun fansho da na gwamnatoci da iyalai masu dukiya suka bazama neman inda kuɗi zai haihu da sauri. A irin wannan kasuwa, wanda ya fi kowa girman alkawari shi ke kwashe jari. Ranar da aka fara nuna fina-finan, zamanin da suke bayar da labarinsa yana kan gargara.

Labarin Theranos ya fi sauran muni, don ya shafi lafiyar mutane. Holmes ta bar Jami'ar Stanford tana da shekara 19, ta kafa kamfanin a 2003, da iƙirarin cewa na'urarta za ta yi gwaje-gwaje fiye da 200 da ɗan ɗigon jinin da aka tsaga daga yatsa. Zuwa 2014 an ƙiyasta darajar kamfanin a Dala biliyan 9. A watan Oktoban 2015 ne ɗan jarida John Carreyrou na Wall Street Journal ya fasa ƙwai: na'urar gwaje-gwaje kaɗan take iya yi, mafi yawansu da injinan wasu kamfanoni ake yin su a ɓoye, wani lokaci ma sai an sirka jinin kafin ya isa. Mujallar Forbes da ta ce Holmes ta mallaki Dala biliyan 4.5 a 2015, ita ce ta dawo a 2016 ta ce ba ta da ko sisi.

To, su wa suka ba ta fiye da Dala miliyan 700? Ba talakawa ba ne. Iyalan Walton masu kantunan Walmart sun zuba Dala miliyan 150, Rupert Murdoch ya sa miliyan 125, iyalan DeVos miliyan 100. A hukumar gudanarwar kamfanin akwai tsofaffin sakatarorin harkokin waje biyu, George Shultz da Henry Kissinger, da Janar James Mattis. Manyan mutane ne, sai dai sanin yaƙi da diflomasiyya daban, sanin jini daban. Kowane mai kuɗi ya dubi sunan wanda ya riga shi shiga, ya ɗauka cewa wancan ya yi bincike. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bayar da kaya bashi don kawai an ce masa "ai Alhaji wane ma yana ba shi" ya san wannan tarkon. Abin takaici, Shultz ya fi gaskata Holmes a kan jikansa Tyler, wanda ya yi aiki a kamfanin ya ga abin da ke faruwa da idonsa, ya kuma zo ya gaya masa.

Hukuncin kotu kansa abin dubawa ne. A watan Janairun 2022 masu taimaka wa alƙali suka sami Holmes da laifi a tuhuma huɗu, dukkansu na damfarar masu zuba jari. Tuhume-tuhume huɗu da suka shafi marasa lafiya kuwa, an wanke ta, duk da cewa wata mata ta shaida wa kotu yadda sakamakon gwaji ya nuna kamar cikinta ya zube alhali yana nan, wata kuma aka ba ta sakamakon da ya nuna alamar ƙanjamau alhali ba ta da shi. An yanke wa Holmes shekara 11 da wata uku, ta fara zaman kaso a jihar Texas a watan Mayun 2023, abokin hulɗarta Sunny Balwani kuma ya samu kusan shekara 13. Lauyoyi za su ce tabbatar da niyyar damfarar marasa lafiya ya fi wuya, kuma da gaskiyarsu. Amma sakamakon dai shi ne, kuɗin attajirai ne ya kai ta gidan yari.

A nan ne kalmar "faɗuwa" da ake yi wa fina-finan kirari da ita ta fara rawa, domin a cikin mutum ukun, Holmes kaɗai ce ta faɗi.

Neumann bai ƙirƙiro wata fasaha ba. Abin da WeWork ke yi, tun kafa shi a New York a 2010, shi ne karɓar hayar dogayen benaye na shekara 10 zuwa 15, a gyara su, a yanka su ƙananan ofisoshi, a bayar haya wata-wata. Kamar mutum ne ya kama rukunin shaguna sukutum na shekara goma sha biyar, yana karɓar kuɗin wata daga ’yan haya. Idan kasuwa ta yi sanyi ’yan haya su watse, shi kuwa mai gini na nan yana jiran kuɗinsa. Sana'a ce tsohuwa, kuma akwai kamfanin IWG, mai Regus, da ya daɗe yana yin ta yana cin riba, amma darajarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na Dala biliyan 47 da aka ɗora wa WeWork a Janairun 2019 ba.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake samo irin wannan adadi, don shi ne zuciyar batun. Idan mai jari ya biya Dala miliyan 100 ya karɓi kashi ɗaya cikin ɗari na kamfani, sai a ce kamfanin ya kai Dala biliyan 10. Babu wanda ya ƙirga kadara, babu wanda ya duba riba. Tamkar a sayi buhu ɗaya da tsada ne, sai mai rumbu ya lissafa dukkan hatsinsa a kan wannan farashi. Wanda ya riƙa sayen buhun WeWork da tsada shi ne Masayoshi Son na kamfanin SoftBank na Japan, wanda ya zuba Dala biliyan 4.4 a 2017, ya kuma ci gaba da ƙarawa, kowace ƙari tana ɗaga darajar hannun jarin da yake riƙe da shi tun farko. Asusun da Son ya tara na kusan Dala biliyan 100, Saudiyya ce ta yi alkawarin biliyan 45 a cikinsa. Asiri ya tonu ne a Agustan 2019, da kamfanin ya nemi shiga kasuwar hannun jari, doka ta tilasta masa buɗe littattafansa. Aka ga ya yi asarar Dala biliyan 1.9 a 2018, a kan cinikin biliyan 1.8. Aka ga Neumann yana ba kamfanin hayar gine-ginen da yake da hannu a cikinsu, har ya sayar masa da haƙƙin kalmar "We" a kan Dala miliyan 5.9, kuɗin da ya mayar bayan an yi ca. Cikin makonni shida ya sauka. Aka sanar da yarjejeniyar sallamarsa da ta kai Dala biliyan 1.7, wadda aka rage daga baya, sannan a Nuwamba aka kori ma'aikata 2,400.

Kalanick ma haka. A 2017 tsohuwar injiniyar Uber, Susan Fowler, ta bayyana yadda ake danne ƙorafin cin zarafin mata a kamfanin. Jaridar New York Times ta tona wata manhaja mai suna Greyball da ake amfani da ita wajen ɓatar da jami'an gwamnati. Wani bidiyo ya nuna shi yana cacar baki da direban da ke kukan rage kuɗin mota. A watan Yuni masu jari suka tilasta masa murabus. Bayan Uber ya shiga kasuwar hannun jari a 2019, ya sayar da hannun jarinsa na sama da Dala biliyan 2.5. Kamfanin yana nan daram, motocinsa na yawo a Legas tun 2014 da Abuja tun 2016, kuma taƙaddama tsakaninsa da direbobi kan kason da yake cira ba ta ƙare ba.

Ba za a ce fina-finan sun ɓoye masu kuɗin gaba ɗaya ba. Son ya fito a WeCrashed, Bill Gurley na kamfanin Benchmark na da babban matsayi a Super Pumped, kuma The Dropout ya ware kashi guda yana yi wa shugabannin kantunan magani na Walgreens dariya kan yadda suka rattaba hannu ba tare da sun ga na'urar tana aiki ba. Matsalar ita ce matsayin da aka ba su: ko dai dattawan da aka yaudara, ko masu hankalin da suka zo gyara ɓarna. Fim yana buƙatar jarumi guda da kyamara za ta bi, shi ya sa ake ɓata sa'o'i kan muryar Holmes da baƙar rigarta, ko soyayyar Neumann da matarsa Rebekah. Takardar yarjejeniyar da ta ba mai kamfani ƙuri'u masu yawa a kan kowane hannun jarinsa, ta yadda hukumar gudanarwa ba ta iya taka masa burki, ba ta da daɗin kallo. Alhali masu jarin ne suka sa hannu a kanta da idonsu biyu, don tsoron kada wani ya riga su. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kuma kallon bai hana komai ba. Watanni takwas bayan fitowar fina-finan, kamfanin kuɗin kirifto na FTX, da aka yi wa ƙimar Dala biliyan 32, ya ruguje a Nuwamban 2022, shugabansa Sam Bankman-Fried ya samu shekara 25 a 2024. Guguwar ta taɓa Najeriya, inda kamfanin Nestcoin ya sallami ma'aikata saboda kuɗinsa sun maƙale a can.

Mu ma muna da namu labarin, ko da yake ba a mayar da shi fim ba tukuna. Kamfanin Tingo na Dozy Mmobuosi ya ce yana ba miliyoyin manoman Najeriya wayoyi da hidimar kuɗi, ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq, mai shi har ya nemi sayen ƙungiyar ƙwallon Sheffield United ta Ingila. A Disamban 2023 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta maka shi a kotu, tana zargin cewa kamfanin ya ce yana da Dala miliyan 461.7 a bankunan Najeriya a ƙarshen 2022, alhali abin da ke cikin asusun bai kai Dala 50 ba. Mmobuosi ya musanta, amma a 2024 wata kotu a New York ta yanke hukunci a bayan idonsa, ta umarci shi da kamfanoninsa su biya sama da Dala miliyan 250. Tambayar da ya kamata hukumominmu da ’yan jarida su yi wa kansu ita ce, ta yaya aka yi sai da wani kamfanin bincike na Amurka, Hindenburg, ya yi tambayar ina manoman suke, a Yunin 2023, sannan batun ya yi ƙarfi?

Shi kuwa Neumann, wata biyar bayan fara nuna WeCrashed, kamfanin zuba jari na Andreessen Horowitz ya ba shi Dala miliyan 350 don sabon kamfaninsa na hayar gidaje mai suna Flow, tun kafin ya fara aiki. WeWork ya ayyana karyewa a Nuwamban 2023. A farkon 2024 Neumann ya dawo ya taya shi a kan sama da Dala miliyan 500, ba a sayar masa ba.