Tabalak: bakin ruwan da ake wucewa da gudu

Da wuya a shiga gidan da ke da ɗan ci-rani a ƙasar Adar a rasa hoto guda, ko a jikin bango ko cikin wayar uwar gida: saurayi tsaye bakin teku a Abijan, ko Lome, ko Kwatano, ya naɗe ƙafar wando, ruwa na bayansa har iyakar ganin ido. Ɗan kasuwar da ya tafi fiton kaya tashar jiragen ruwa yakan ware yini guda ya biya wani yaro ladan ja-gora, a zaga da shi gaɓar teku, a nuna masa inda masunta ke jan koma da tsoffin benayen da Turawa suka bari. Ma'aikacin gwamnatin da aka tura taro Dakar kuwa ba ya dawowa sai an ƙetara da shi tsibirin Gore. Babu abin zargi a nan. Nijar ba ta da teku, kuma mai son ganinsa daga Tawa sai ya ci fiye da kilomita 1000 a mota. Abin da ke ɗaure kai shi ne, waɗannan mutane su ne dai ke bi ta Tabalak, wajen kilomita 50 kacal daga Tawa, mota ta tsaya ɗan lokaci, su miƙa hannu ta taga su sayi soyayyen kifi, direba ya busa oda, a wuce Abalak. Tabkin da kifin ya fito daga cikinsa ko kallo na biyu bai samu ba.

Alhali kuwa yini guda ya isa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, sa'ad da ruwan damina ke nan da sauransa, rana kuma ba ta fara duka ba. Mai niyya ya tashi daga Tawa bayan sallar asuba, ya ɗauki kwaltar Agadas, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar uraniyom na Arlit. Kafin hantsi ya ɗaga ya iso. Mataki na farko, wanda kuma duk tafiyar ta rataya a kansa, shi ne neman ja-gora. Baƙo na iya tsayawa bakin hanya shi kaɗai ya ga ruwa ya ce Masha Allah, amma abin da zai gani ke nan, ruwa. Sai an gaida maigari ko ma'aikacin gandun daji, a roƙe su su haɗa baƙo da wani dattijo cikin masunta ko masu garka, wanda ya shekara ashirin ko talatin yana bin wannan gaɓa da ƙafarsa. Irin wannan mutum ba shi da takardar shaida, ba ya jin Faransanci, amma bakin tabkin a wurinsa kamar allo ne a hannun gardi.

Da sanyin safiya tsuntsaye ke da wurin. Balbela da zalɓe da jinjimi na tsaye cikin ruwa mara zurfi, kirinjijiya na tashi garke-garke da fitonta, can nesa kuma ga ƙananan agwagi masu yawa waɗanda ja-gora zai ce baƙin sanyi ne, ba a ganinsu da bazara. Gaskiya ya faɗa. Daga Turai da yammacin Asiya suke zuwa, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, kuma tabkunan da ke gefen hamada irin wannan su ne mashaya ta farko da suke tararwa bayan wannan doguwar tafiya. Saboda su, da saboda dubban mutane da dabbobin da ke rayuwa da ruwan, aka sa tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi cikin jerin wuraren ruwa masu daraja a duniya ran 16 ga Satumba 2005, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, wadda Nijar ta shiga a 1987. Ma'aikata nawa ne a Tawa suka san da haka? Tambayar ba ta da daɗin amsawa.

Daga nan sai mashigar masunta. Idan iska ba ta taso ba, ana iya shiga kwalekwale a bi gefen ruwa a nufi wajen Kehehe, tuddan rairayi a hannu guda, duwatsun Adar masu shimfiɗaɗɗen kai suna hangowa daga nesa, matattun bagaruwa tsaye cikin ruwa kamar an kafa su da gangan. Mai hankali ba ya yarda a cika jirgi fiye da abin da mai shi ya ce, ba ya kuma barin yara su yi wanka, domin ruwan kwance ba ya rabuwa da tsargiya. A kan gaɓa za a ga abin da dare ya bayar: tarwaɗa, karfasa, gaiwa, wani lokaci giwan ruwa. Wani a soya shi nan take don matafiya, wani a yi bandarsa, wani ya hau mota ɗanye zuwa Tawa da Agadas. Cikin masuntan akwai ƴan gari, akwai waɗanda suka zo daga Najeriya da sana'ar kakanninsu. Ɗan kasuwar da ya saba sayen kifin a Tawa zai so ya tambayi kuɗinsa a nan bakin jirgi. Lissafin da zai yi cikin zuciyarsa shi kaɗai ya isa ladan tafiya.

Amma abin da ya sa ja-gora ya cancanci a biya shi yana gaba, inda ƙorama ke zubowa cikin tabki. A nan zai tsaya ya nuna wani fili fari, shimfiɗe kamar faifai, wanda jaki ke tafiya a kansa ba tare da ƙafarsa ta jiƙe ba, ya ce yana yaro a nan ake jefa taru. Zai nuna itacen da ake ɗaure jirage a gindinsa a da, yanzu kuwa sai an yi tafiya kafin a taɓa ruwa. Rairayi ne. Kowace damina ƙoramu na kwaso shi daga tudu su zube cikin tabkin, kuma ba ya fita.

Yadda abin ke aiki ya kamata kowane mai karatu ya gane shi, domin akwai abin mamaki a ciki. Ruwan saman da yankin Tawa ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Lokacin da tuddai ke da itace da ciyawa, yawancin ruwan nan a inda ya faɗi yake nitsewa. Da farin shekarun 1973 da 1984 ya kashe itatuwa, gatari da garma suka ƙarasa sauran, ƙasa ta koma faƙo, ruwa ya daina shiga cikinta, sai ya riƙa gangarowa gaba ɗaya zuwa kwari. Shi ya sa masana ruwa suka lura da wani abu mai kama da almara a faɗin Sahel: ruwan sama ya ragu, amma tabkuna da yawa sun ƙaru. Ɗan Dutsi, yamma da Tawa, shaida ne: kwari ne na gonaki da ɗan ruwan damina, sai a 1974 ya cika ya zama babban tabki. To, hannun da ya ba da ruwan shi ne ke ba da rairayin. Tabalak ba zurfi gare shi ba, rana da iska kuma na shanye fiye da mita 2 na ruwa a shekara a irin wannan ƙasa. Duk taƙin da rairayi ya ci daga ƙasan tabkin, ruwan sai ya baje ya yi faɗi, ya rage zurfi, ya ƙafe da wuri. A shekarar da damina ta gaza, tabkin kan rabu gida-gida tun kafin bazara ta yi nisa, kifi ya taru cikin laka.

Da rana ta take, a sami inuwa kusa da garake. Inda ruwa ya janye, nan da nan an bi shi da shuka: wake, dankali, rogo, kabewa, ga fangalin albasa da tumatir da ake ba ruwa da ƙaramin inji. Noman rani ya kafu a nan kamar yadda ya kafu a sauran ƙasa bayan yunwar 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta matsa a kansa, kuma ba ƙaramin rufin asiri ya yi wa gidajen da mazansu ke tafiya ci-rani ba. Sai dai gaɓa guda ce, masu buƙatarta uku. Mai garka na son ƙasa mai laima, masunci na son ruwa ya zauna, makiyayi kuma, Buzu ko Bafillace, na son hanya buɗe zuwa mashaya, domin Tabalak na kan iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo, iyakar da dokar 1961 ta shata. Ja-gora zai nuna burtali, ya nuna inda shingen ƙaya ya ɗan matso cikinsa bana, ya yi shiru. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 sun tabbatar wa dabbobi haƙƙin isa ga ruwa, an kuma kafa kwamitocin ƙasa don raba irin wannan gardama. Ma'aikacin da ya san waɗannan dokoki a takarda kawai, ya zo ya ga garken raƙuma da shanu na matsuwa cikin ƴar siririyar hanya tsakanin garka biyu, zai koma ofis da wata fahimta dabam.

Wani ɗan abin lura ga masu kewar teku: Adar kanta gindin teku ce a da. Shekaru miliyoyi da suka wuce ruwan gishiri ya rufe wannan yanki, ya bar farin dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ke ci, ya bar kwanson dodon koɗi da haƙoran kifi da suka zama dutse, waɗanda ake tsinta a tuddan Adar, musamman wajen Kawo. Yaran makiyaya sun riga masana sanin inda suke.

Maganin rairayi ba a bakin tabki yake ba, yana can kan tudu, kuma ba sai an je wata ƙasa neman misali ba. A Keita, maƙwabciyar Tabalak, aikin da Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da hukumar FAO daga 1984 ya nuna abin da za a iya: jerin duwatsu a kan gangare, ramuka masu tare ruwa, madatsai cikin ƙoramu, miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu, ana biyansu da abinci. An yi wa aikin suka ta fuskoki da dama, wasu madatsan ma sun lalace bayan tafiyar masu kuɗi, amma faƙon da ya koma gona yana nan ana gani. Irin wannan aiki ne ƙoramun Tabalak ke buƙata, kowace shekara, ba tare da yankewa ba. Yashe tabki da manyan injuna, wanda akan yi alkawarinsa lokacin neman ƙuri'a, kuɗi ne mai yawa da damina biyu ko uku za su shafe in ba a taɓa tudu ba.

Ina ruwan yawon buɗe ido da wannan? Shekara da shekaru an ɗauka cewa yawon buɗe ido sana'a ce ta jiran Bature. Bature kuwa ya daɗe da ɗauke ƙafa: tawayen da ya biyo bayan rikicin Cintabaradan na Mayu 1990, wanda yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta kawo ƙarshensa, sai tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009, sai sace ma'aikata a Arlit a Satumba 2010. Wanda ya rage shi ne ɗan ƙasa. Alhajin da ke da motoci a tasha zai iya ware guda ranar Asabar ya ɗauki iyalai, kamar yadda ake yi a biranen bakin teku. Shugaban lise zai iya kai ƴan ajin ƙarshe, su ga da idonsu abin da ake zana musu a allo. Hukumar garin Tabalak kuma ta zaɓi mutum huɗu ko biyar cikin dattawan masunta da masu garka, ta sanar da sunayensu, ta tsaida ladan da za a ba su, don kada baƙo ya sallami mutum da goro bayan ya yini yana bin rana dominsa. Ba dukiya za a tara da wannan ba. Amma tabkin da ƴan kasuwa da ma'aikatan Tawa suka taka gaɓarsa da ƙafarsu, ranar da aka zauna rabon kuɗin ayyuka a jiha, zai sami masu magana da bakinsa.

Batun tsaro ba abin ɓoyewa ba ne. An sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara a Maris 2017, kuma kisan ran 21 ga Maris 2021 a ƙauyukan Tiliya, inda mutum 137 suka rasa rayukansu, bai fita daga zukatan mutanen jihar ba. Tabalak ba can take ba, amma duk mai shirin tafiya ya tambayi jami'an tsaro halin da hanya ke ciki kafin ya tashi, ya tsaya inda ja-gora ya ce a tsaya, kada kuma ya bari magariba ta same shi a daji.

Saboda haka da la'asar sakaliya sai a juyo. Lokacin ne dabbobi ke saukowa mashaya cikin ƙura, rana ta faɗa kan ruwan ya koma ja, masunta na tura jirage don shimfiɗa tarun dare. A sallami ja-gora yadda ya kamata, a karɓi lambar wayarsa don masu zuwa baya, a ɗaure kifi cikin takarda. Mai mota mai lafiya zai yi sallar magariba a Tawa.