Sabon Inji, Tsohon Maleji

 

Maudu'inmu na yau daga gareji ya fito. Duk mai zirga-zirga tsakanin Anka da Nasarawar Burkullu da Ɗaki Takwas da Gummi, ko mai shiga Bukkuyum, ya san irin motocin da ke ɗauke da mu. Yawancinsu ƙananan motoci ne da suka kwana biyu a duniya, musamman Golf, sai 'yan tsirarun Peugeot 504 da suka ƙi mutuwa. Kamfanin Volkswagen ya fito da Golf 2 a 1983, Golf 3 kuma a 1991. Ita kuwa 504 tun 1968 take, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma haɗa motoci a 1975. Motar da ta kai waɗannan shekaru da wuya a same ta da injin da aka haife ta da shi. An sauke na farko, an ɗora ɗan Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, wata ma an yi mata haka sau biyu ko uku.

Ba mu ga laifin wannan ba. Da ba don kanikawanmu da dabarunsu ba, da tuni ƙauyuka da yawa sun yanke daga kasuwa da asibiti. Abin da muke cewa shi ne, aikin sauya inji bai ƙare ba ranar da mota ta tashi ta bar gareji. Yana ƙarewa ne ranar da aka tabbatar giya ta dace da injin, kuma maleji yana faɗin gaskiya. A nan ne ake yawan sakaci, kuma mu da ke zaune a kujerar baya mu ne abin zai fara ci.

Mu fara da yadda abin yake aiki. Inji yana juyawa da sauri ƙwarai, sau dubbai a minti guda. Taya ba ta iya bin wannan juyi, don haka sai a rage shi sau biyu: da farko a giyabos, sannan a haƙoran aksul da ke raba juyi ga tayoyi. Shi maleji bai san gudun mota ba. Juyi kawai yake ƙirgawa a wani wuri guda, ya fassara shi zuwa kilomita bisa lissafin da kamfani ya yi masa tun farko. Lissafin nan ya ginu ne a kan giya kaza, aksul kaza, taya mai girma kaza. Da zarar an taɓa ɗaya daga cikin abubuwan da ke tsakanin wurin ƙirgar da kwalta, allura za ta ci gaba da motsi kamar ba abin da ya faru, alhali lissafin ya tashi.

Wurin ƙirgar kuwa ya bambanta. A tsohuwar Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975, igiyar maleji daga tayar gaba ta hagu take fitowa. Ko an sauya inji da giyabos gaba ɗaya, allurarta ba ta damu ba, sai fa in an sauya girman tayar gaba. A 504 igiyar daga bayan giyabos take, kafin juyi ya kai ga aksul na baya. A Golf 2 ma igiya ce ke shiga giyabos, da ɗan ƙaramin haƙori a bakinta, amma a Golf 3 na'urar lantarki ce ke aika ƙirgar ta waya. Shi ya sa idan aka gauraya kayan waɗannan motoci biyu, sau da yawa sai a bar igiya tana lilo ko waya ba a jona ba, allura ta kwanta a sifili har abada.

Wani zai ce ai inji aka sauya, me ya kawo maganar giya? Amsa ita ce inji ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba. Golf 2 mai injin 1.3 tana da ƙarfin doki 55, mai 1.8 kuma tana da 90, kuma babban injin ba ya zama a kan giyabos ɗin ƙaramin, dole a sauya su tare. Haka nan idan aka cire injin gas aka sa na fetur. Injin gas yana ba da ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali, don haka ake yi masa doguwar giya. Na fetur sai ya ɗaga murya kafin ƙarfinsa ya fito. Ka haɗa na fetur da giyar gas, mota za ta yi nauyin tashi, direba ya riƙa cin kuloci a kowane hawa da kowane yashi, balle da buhuna a but. Ka haɗa na gas da giyar fetur, inji zai yi ta kuka a kan miƙaƙƙiyar hanya, ya sha mai, ya tsufa da wuri.

Ga ɗan lissafi don abin ya fito fili. Mu ɗauki mota irin 504 tana giya ta 4, inda juyin inji ke wucewa ta giyabos ba ragi, inji na juyi 3,000 a minti, taya kuma tana cin kimanin mita 2 a kowane juyi. Idan aksul ɗinta na rage juyi sau 3.9, gudunta kusan kilomita 92 ne a awa. Idan aksul mai rage sau 4.6 ne, irin wanda ake yi domin jan kaya, gudun ya sauko zuwa kusan 78. A duka biyun maleji abu ɗaya yake ƙirgawa, domin yana gaban aksul. To, a ce motar da aka saita malejinta da aksul na kaya aka sa mata na gudu saboda shi aka samu a kasuwa. Allura za ta nuna 78, mota kuwa tana 92.

Taya ma haka take, kuma ita ce ta fi shafar Golf ɗinmu. Saboda ramuka da hanyoyin daji, direbobi na son taya mai tsayi don ƙasan mota ya daina dukan ƙasa, kuma suna da hujja. Amma taya mai lamba 175/70 R13 tsayinta milimita 575 ne, mai lamba 185/70 R14 kuwa kusan 615. Bambancin ya kai kashi 7 cikin 100. Allura na kan 100, mota na kan 107. Kada mu raina wannan 7. Nisan da birki ke buƙata ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: ƙarin gudu na kashi 7 yana jawo ƙarin nisan tsayawa na kusan kashi 14. Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Ga injin doki 90, ga birkin da aka yi domin doki 55, ga fasinja biyu a gaba huɗu a baya, ga but a buɗe an ɗaure kaya da igiya. Garken shanu ko ɗan acaɓa ya ɓullo daga kwana, waɗannan 'yan mitoci su ne tsakanin salati da jana'iza.

Masu ƙera motoci sun san haɗarin nan. Ƙa'idar da ake bi a Turai ta hana maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudu. An yarda ya ɗara kaɗan, iyakarsa kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4, amma ba a yarda ya gaza ba. Wato kuskuren da suka bari yana ɓangaren tsira ne. Doguwar taya da doguwar giya suna cinye wannan rangwame, har su juya kuskuren zuwa ɓangaren halaka. Akwai kuma wani tarko: agogon da aka ciro daga motar Ingila ko Amurka, wanda manyan lambobinsa mil ne. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Direba ya ga 60 ya ɗauka yana lallaɓawa, alhali yana dab da 97.

Mun san abin da direbobi za su ce, kuma ya kamata a saurare su. Na farko, za su ce su da kunne suke tuƙi, ƙarar inji ta ishe su sanin gudu. Gaskiya ne gogaggen direba yana da wannan baiwa. Sai dai kunnen nan a kan tsohon inji da tsohuwar giya ya yi karatu. Babban inji mai doguwar giya yana yin gudun 110 da muryar da ƙaramin ke yin 85. Ranar da aka sauya inji, ranar kunne ya koma ɗan koyo, kuma a makonnin nan ne ya fi buƙatar allura ta gaya masa gaskiya.

Na biyu, za su ce a halin da hanyoyinmu suke ciki, wa ke kallon maleji? Kowa burinsa ya wuce daji kafin la'asar ta yi sanyi, kuma fasinja da kansu ke cewa a taka. Ba mai musun wannan tsoro, dukanmu muna cikinsa. Amma wanda tilas ta sa shi gudu shi ya fi kowa buƙatar sanin iyakar motarsa. Tayar da ta fashe a tsakiyar daji, ko injin da ya buga saboda an ƙure shi a giyar da ba tasa ba, sun jefa mutane cikin abin da ake gudu. Sauri ya haifi nawa, in ji magabata.

Na uku, maganar kuɗi. A nan kam ba uzuri, domin gwajin kyauta ne. Kusan kowace babbar waya tana iya nuna gudu ta tauraron ɗan'adam. A samu miƙaƙƙen wuri, direba ya riƙe allura a 40, sannan 60, sannan 80, wani a gefensa yana duba waya yana rubutawa. Idan babu waya, motar da ke gudun 60 tana cin kilomita ɗaya a minti ɗaya cif, agogon hannu ma ya isa. In an ga bambanci, a nemo haƙorin maleji da ya dace, ko a koma taya ta asali. In duk ba hali, a rubuta gaskiyar a takarda a liƙa kusa da sitiyari: 80 a nan 87 ce. Ko mai sayen mota zai amfana, don lambobin da ke ƙirga tafiya daga wuri ɗaya suke sha da allura.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu a 2017, kuma dokar hanya ta sa wa ƙananan motoci iyakar 50 a cikin gari da 80 a babbar hanya. Doka irin wannan tana ɗauka cewa direba ya san gudunsa. A wurinmu, gyaran da zai fi tasiri yana hannun mutum uku. Bakanike ya ɗauki gwajin maleji a matsayin ƙarshen aikinsa, kamar yadda tela ba ya ba da riga sai an gwada. Mai mota ya tambayi lambar giyabos kafin ya biya, kada ya tsaya ga jin ƙarar inji. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Gummi da Anka da Bukkuyum su riƙa leƙa allura kafin su ba mota layi, yadda suke leƙa taya.

Mu ma masu alƙalami muna da namu kason. Ilimin nan duk yana bakin kanikawa, kusan ba a rubuta shi da Hausa ba. A labaranmu jarumi kullum yana ƙure maleji, amma kaɗan ne cikinmu za su iya bayyana abin da ke juya allurar. Wanda ke neman abin rubutawa a wannan mako ya je garejin unguwarsu, ya zauna da ogan wurin, ya tambaye shi sunan kowane ƙarfe da aikinsa, ya rubuto mana yadda yaron mota zai karanta ya gane. In an sami wanda ya gwada malejin wata mota da waya, ya kawo mana lambobin da ya samu mu kwatanta.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.