Kuɗin Rama Karatun Yara a Ingila, da Sharaɗin da Aka Gindaya Masa

Ga wani al'amari da ya auku a ƙasar Ingila wanda ya kamata malamai da 'yan kasuwa su ji, domin rabinsa zancen karatu ne, rabinsa kuwa lissafin kuɗi.

A cikin watan Maris na 2020, daidai da Rajab 1441, annobar korona ta sa aka rufe makarantun Ingila, kāna aka sake rufe su daga Janairu zuwa Maris na 2021. Aka ce yara su yi karatu a gida ta kwamfuta. To, amma gida ya fi gida. Ɗan mai hali yana da ɗakinsa da na'urarsa da mai duba masa aiki, ɗan talaka kuwa wataƙila waya ɗaya suke rabawa da 'yan'uwansa. Da aka koma makaranta sai aka tarar ratar da ke tsakaninsu, wadda dā ma akwai ta, ta ƙara faɗi. Abin ya fi ban tsoro ga 'yan firamare, domin su ne ke matakin babbaƙu da farfaru, kuma kowane malamin allo ya san yaron da wannan mataki ya kuɓuce masa, ko an kai shi izu na sama, kame-kame kurum zai yi.

A watan Yuni na 2020 gwamnatin Boris Johnson ta ware fam biliyan 1, watau miliyan dubu. Aka raba wa makarantu miliyan 650, wajen fam 80 ke nan a kan kowane yaro, aka ajiye miliyan 350 domin wani shiri na ɗaukar malamai na musamman. Tsarin kuwa shi ne, malami ya zauna da yaro ɗaya, ko biyu, ko uku, na kimanin sa'a 15 a rarrabe, ya gano inda karatunsa ya tsaya, ya ɗora daga nan.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a zauren malam. Almajiri ya yi jinya ta wata biyu ya dawo, ba a cewa ya kama inda tsararsa suka kai. Allonsa za a ɗauko, ya biya, in ya kakare a mai da shi tishi, ba kuwa za a wanke allon a yi masa ƙari ba sai ya riƙe. Makarantar boko ce ke tafiya da aji ɗungurungum, shekara ta zagayo a ciyar da kowa gaba, da wanda ya iya da wanda bai iya ba. Saboda haka asalin shawarar Turawan ba ta da aibu. Wajen kuɗin ne aka sami tangarɗa.

Da fari dai kuɗin bai kai ba. A watan Fabrairu na 2021 aka naɗa Sir Kevan Collins, tsohon malamin firamare, ya tsara yadda za a rama karatun. Ya yi lissafi ya ce sai an kashe wajen fam biliyan 15, har da ƙara tsawon yinin makaranta. Da Yuni ya zo gwamnati ta ce ga biliyan 1.4, abin da bai kai ushirin abin da ya nema ba. Mutumin ya ajiye aikin nan take. Wannan kam hali ne da ba a cika ganinsa ga masu muƙami ba, a can ko a nan.

Na biyu, aka sa dillali a tsakani. A shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 aka ba wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Randstad, wanda sana'arsa samo wa mutane ma'aikata, kwangilar haɗa makarantu da malaman. Shugabannin makarantu suka yi ta kuka da wahalar tsarin, yaran da aka samu kuma suka gaza adadin da aka yanka. A watan Maris na 2022 ministan ilmi Nadhim Zahawi ya ce daga shekara mai zuwa za a miƙa kuɗin, fam miliyan 349, ga makarantu kai tsaye.

Amma babbar illar ita ce ta uku, ita ce kuma ta fi ɓuya. Tallafin nan ba kyauta ba ne cikakkiya, rangwame ne. A ce ladan malami fam 100 ne: a shekarar farko gwamnati ta biya 75, makaranta ta ciko 25. A 2022 zuwa 2023 rabon gwamnati ya koma 60, a shekara ta gaba ya koma 50, a 2024 kuwa aka rufe shirin ɗungum. Duk ɗan kasuwa ya san rangwame mai kuɗi a aljihu yake yi wa rana. In aka ce buhun gero ya koma rabin kuɗinsa, wanda ba shi da ko rabin zai kalla ne ya wuce. Aka ce makarantu su ciko nasu kason daga wani tallafi da dā ma ake ba su saboda 'ya'yan matalauta, alhali kuwa wannan kuɗi tuni yana da ramukan da yake toshewa, ga shi a 2022 kuɗin wuta da na gas ya yi tashin gwauron zabi. Makarantu da dama suka kasa cikowa, kuɗin da ba su kashe ba gwamnati ta karɓe abinta. Ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ba da rahoto a watan Fabrairu na 2023 cewa wajen rabin yaran da suka sami wannan karatu ne kaɗai 'ya'yan matalauta, alhali da fari an yi nufin a wani sashe na shirin su kai 65 cikin 100.

Masu wannan sharaɗi suna da hujjarsu, ba kuwa ta banza ba ce. Suna cewa abin da mutum bai sa guminsa a ciki ba, ba ya tattalinsa, kuma in aka janye hannu sannu sannu makarantu za su saba da ɗaukar nauyin da kansu. Wannan magana tana da ƙarfi a kan mawadaci. Amma babu malamin fiƙihun da ya taɓa cewa sai miskini ya kawo mudu biyar kāna a auna masa biyar daga zakka, kuma ba a san malamin kirki da ya kori maraya daga zaure domin bai kawo kuɗin laraba ba. Da an so adalci, da an bambanta sharaɗin: makarantar unguwar masu hali ta ciko rabi, ta unguwar talakawa a ɗauke mata duka.

Irin wannan sharaɗi yana nan a Nijeriya. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko, a hannun hukumar UBEC, amma jiha ba ta taɓa kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Sau da yawa hukumar ta yi shelar cewa biliyoyin naira suna kwance a wurinta, jihohi ba su zo sun ɗauka ba, waɗansu domin rashi, waɗansu domin sakaci. Gwamnan da ya ƙi ajiye nasa rabin ba ya rasa kome, 'ya'yansa ba a makarantun suke ba. Mai asarar shi ne yaron ƙauye da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba.