KADA A TOSHE NUMFASHIN TSOHON INJI

Akwai wata al'ada a garejoji da wuraren cinikin tsofaffin motoci wadda mu ke so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawuna a kanta, domin su ne su kan tara albashi shekara da shekaru, ko su ci bashi, su sayi mota ta hannu. In motar mai shan gas ce, kamar Mercedes 240D da 300D samfurin W123 da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, sai ka ga makaniki ya ta da inji, ya zare tiyon numfashi da ke kan murfinsa, ya toshe ramin da babban yatsa, ana ƙirga daƙiƙa har injin ya mutu. Wai in ya daɗe yana da lafiya, in kuwa ya mutu nan da nan ya gaji. Mu dai a ganinmu wannan gwaji ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Ga yadda al'amarin ya ke. Injin gas, tun daga wanda Rudolf Diesel ya gama a Jamus a 1897, ba ya bukatar tartsatsin fulogi. Fistan ne ke matse iska har ta yi zafin da zai kunna mai. A waɗannan motoci ana matse ta wajen ninki 21, alhali injin fetur na zamaninsu bai wuce ninki 8 ko 9 ba. Saboda haka kullum wani hayaƙi ya kan kuɓuce ta gefen ringi, ya faɗa tumbin inji, watau inda karanshaf ke juyawa bisa baƙin mai. In ringi da silinda sun cinye, hayaƙin sai ya ƙaru. Tiyon nan shi ne ƙofar fitarsa, yana mayar da shi inda inji ke shaƙar iska.

To, wanda ya toshe ƙofa bai hana hayaƙi zuwa ba, tilas ya nemi wata hanya. Tumbin inji ba a yi shi don riƙe matsi ba, kuma sil da gasket ɗin motar da ta shekara 40 duk sun bushe. Sai matsin ya tura mai ta sil ɗin gaba ko na baya. Na bayan nan ƙaramin abu ne, amma ba a kai gare shi sai an sauke giya ko injin kansa. Ta haka gwajin minti ɗaya ya kan jawo aikin kwanaki. Wani lokaci kuma sandar auna mai ce ke tsalle, mai mai zafi ya fantsamo wa wanda ya sunkuya, ga fanka da fanbel suna juyawa dab da hannun rigarsa.

Haɗarin da ya fi waɗannan muni shi ne gudun inji. Injin gas yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda ya ke ƙona gas. In man da ya taru ya kwararo cikin hanyar iska, musamman a injin da aka cika wa mai fiye da ƙima, sai ya shiga gudu shi kaɗai, yana tuttuɗo hayaƙi. Kashe makulli ba ya tsai da shi, don gas kaɗai makulli ke yankewa. Haka zai yi ta yi har man ya ƙare ko ƙarfe ya fasa ƙarfe. In abin ya auku, a rufe bakin iska da faffaɗan katako, ba da tafin hannu ko tsumma ba. Ko a sa babbar giya, a take birki, a saki kuloci. In ba hali, kowa ya yi nesa. Inji yana da madadi, ido da hannu ba su da shi.

Bayan haka, gwajin ma ba shaida ne mai gaskiya ba. Injin da gasket ɗinsa ke yoyo ko'ina zai daɗe bai mutu ba, domin matsin yana zurarewa, sai mai saye ya ɗauka ya sami ƙalau.

Hanyoyin da suka dace suna nan, ba su da tsada. A je wa mota da sassafe kafin a ɗumama ta, a ga ko za ta tashi da sauƙi, a duba ko hayaƙinta shuɗi ne. A sa ma'aunin matsi a kowace silinda, a rubuta lambobin a gwama su. In tumbin a ke so a auna, a lanƙwasa siririn tiyo mai ruwa a ciki, a haɗa shi da ramin sandar mai, a karanta tashin ruwan, numfashin inji kuwa a buɗe.

Muna roƙon makarantun koyon sana'a su koya wa yara awo da ma'auni, masu gareji kuma su tanade shi. Kai kuma malam, ko saye ka zo yi ko sayarwa, in ka ga an kai yatsa ga tiyon nan ka ce a dakata. In kunne ya ji, jiki ya tsira.