Kafin ka ja bango, duba iyalinka

 

Wannan wata hirarmu a kan gini take. Dalili kuwa, wani ɗalibina ya yi kwana uku bai zo karatu ba. Da na tambaya, aka ce yana gida yana rushe bango. Bara ya saida wakensa, ya sayi siminti, ya raba tsakar gidansa biyu. Bana ƙanensa ya yi aure, babu inda za a sa amarya. Dole aka fasa bangon. Kuɗin wake sun zama ɓaraguzai.

Wannan ya tuna mini wani gida na ƙasar Japan, can gabas mai nisa. Gidan yana garin Kawagoe, kusa da Tokyo babban birninsu, a tsakiyar gonakin shinkafa. Wani gwanin tsara gini mai suna Shigeru Ban ya yi shi a shekara ta 2000. Mutum 5 aka yi wa shi: mai gida da matarsa, ƴaƴansu 2, da tsohuwarsa. Mai gidan ya ce ba ya son kowa ya shige ɗaki ya kulle, ya manta da sauran.

To, ga abin da magini ya yi. Ya tada babban zaure guda, dogo, mai rufi ɗaya. A cikinsa ya sa ƙananan ɗakuna 4, kamar manyan akwatuna. Kowane yana bisa tayoyi. In ana son ɗaki babba, sai a tura biyu a haɗa su, a cire ƙofofin tsakani. In ana son iska, sai a tura ɗaki zuwa waje. Madafa da wurin wanka kaɗai ba su motsi.

Ba daga sama ya samo dabarar ba. Tun kakanninsu, mutanen Japan suna raba ɗakuna da ƙyauren katako da takarda wanda ake ja gefe. Bai raina abin gidansu ba, ƙara masa tayoyi ya yi. A 2014 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wajen masu tsara gini.

Mu fa? Mu ma muna da tamu. Wa bai taɓa ganin samari sun ɗauki jinka a ka, sun kai ta wani gefen gida ba? Zana, yau tana nan, gobe an tuge dirkoki an matsa da ita. Buzayen Ayar suna kwance ɗakin tabarma su aza wa jaki ko raƙumi, kuma ɗakin na mace ne. Fulanin daji su ma haka suke bin ruwa da ciyawa da ɗakinsu. Amma yanzu wasu kunya suke ji, wai zana alamar talauci ce.

Ban ce zana ba ta da aibu ba. Gara tana cin ta. Gobara ba ta bar mata komi. Ɓarawo ma ba ya jin tsoronta. Shi ya sa nake ba da shawara huɗu:

1. Gina ɗaki mai ƙarfi, na ƙasa ko na siminti, don kwana da ajiyar kaya. Katangar waje ma a yi ta da ƙarfi.

2. Salga ba ta tashi. Zaɓa mata wuri tun farko, nesa da rijiya.

3. Rabon cikin gida a bar wa zana, har iyali su daidaita. Yara za su girma, a yi aure, baƙi su zo.

4. Murhu ya yi nesa da zana da rumbu, musamman lokacin hunturu.

Ku da kuka iya rubutu yanzu, ga aiki. Ɗauki alli da allo. Rubuta sunan kowa na gidanka da shekarunsa. Sannan ka tambayi kanka: nan da shekara 5, wa zai bukaci ɗaki? Ka nemi shawarar uwargida, ita ta fi ka sanin tsakar gida. Zanen alli da hannu ake share shi. Bangon siminti sai da guduma.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.