Fitila Mai Tsimi

Wudil gari ne a bakin kogi, kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi gabas. Kowace Jumma'a kasuwarsa tana cika da shanu da fatake. Amma in rana ta faɗi, da mai shanu da masunci da ɗan makaranta duk bukatarsu ɗaya ce, watau haske.

A zamanin da, da aci-balbal ake gani, ana zuba mata man gyaɗa ko man kaɗanya. Daga baya fitilar ƙwai ta zo, mai shan kananzir. Tana da haske, amma hayaƙinta yana sa yaji a ido, in kuwa yaro ya ture ta kusa da zana, sai gobara. Sa'an nan aka sami ƙwan lantarki mai zare a ciki, irin wanda Edison ya gyara a Amurka cikin shekarar 1879.

Wannan ƙwai kuwa almubazzari ne. Kashi tara cikin goma na wutar da yake sha zafi yake zama, ba haske ba. Yanzu akwai sabon ƙwai da ake kira LED. Masana uku 'yan asalin Japan suka buɗe hanyar samun farin haskensa, har aka ba su kyautar Nobel a 2014.

To, ga lissafi. Tsohon ƙwai mai wat 60, in an kunna shi awa 5 kullum, a wata guda zai sha yunit 9. Sabon mai wat 9 haskensa daidai da na tsohon, amma ko yunit ɗaya da rabi ba zai sha ba. Tsohon yakan mutu bayan awa 1,000, sabon kuwa mai kyau yakan kai awa 15,000.

Waɗansu magidanta suna cewa sabon ya fi tsada. Gaskiya ne. Amma kuɗin ƙwai sau ɗaya ake biya, kuɗin wuta kuwa kowane wata kamfanin KEDCO yana jiransa. Araha ba ta ado. Sai dai a yi hankali da jabu, gama akwai shi a kasuwa.

Ko gidan da wuta ba ta kai ba yana da rabo, domin ƙaramin faifan sola mai batir da ya wuni a rana ya isa ya riƙe irin wannan ƙwai da dare. Saboda haka ya kamata kowane maigida ya sake fitilarsa, ya fara da ɗakin da yara suke karatu.