Abin da Kaduna Za Ta Koya Daga Motocin Hayar Nairobi

A watan Janairun 2014 aka fito da wata taswira a Nairobi, babban birnin Kenya, wadda ta ba 'yan garin kansu mamaki. Ta nuna hanyoyi fiye da 130 na ƙananan motocin haya da suke kira matatu, kowace hanya da launinta da lambarta da wuraren tsayawarta. Shekara da shekaru waɗannan motoci ke jigilar jama'ar birnin, amma babu ofishin da ke da cikakken zanen inda suke bi. Sanin yana cikin kawunan direbobi da yaran mota da fasinjoji, kowa da ɗan guntun da ya shafe shi. Mai zuwa Kawangware ya san lamba 46, mai zuwa Ngong ya san 111, iyakarta ke nan.

Malaman Jami'ar Nairobi ne suka haɗa kai da takwarorinsu na jami'o'in Columbia da MIT na Amurka, gidauniyar Rockefeller ta ba da kuɗi, ɗalibai kuma suka yi wahalar. Ɗalibi zai shiga mota tun daga tasha da waya a hannu, wayar tana bin sawun tafiyar ta tauraron ɗan'adam. Duk inda aka tsaya ɗauka ko saukewa sai ya danna, ya rubuta sunan da mutane ke kiran wurin, har a kai ƙarshen layi. Aikin bai zo da sauƙi ba. Matatu ba ta da lokacin tashi sai ta cika, direba yakan saki hanya don kauce wa cunkoso ko 'yan sanda, kuɗin mota kuma yakan hau da zarar hadari ya haɗo. Dole aka riƙa maimaita layi, aka kuma zauna da masu motocin suka duba zanen suka yi gyara. A 2015 hanyoyin suka shiga Google Maps. Birnin Accra na Ghana ma ya bi sahu da motocinsa na tirotiro.

Babban abin da zanen ya fito da shi fili shi ne kusan dukkan hanyoyin tsakiyar gari suka nufa. Mutumin da zai je unguwar da ke maƙwabtaka da tasu sau da yawa sai ya shiga cikin gari tukuna, ya sake wata motar, ya biya kuɗi biyu, ya ƙara wa cunkoso yawa. Kowa yana shan wannan wahala, amma sai da aka shimfiɗa ta a takarda ɗaya aka ga girmanta.

Duk wanda ya san Kaduna zai ce ai wannan labarinmu ne. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, ofisoshi da bariki da gidajen manya suka zauna a arewacin kogi, mahaɗar jirgin ƙasa tana kudu, daga baya masaƙun Kakuri suka biyo, tun daga masaƙar KTL a 1957. Unguwannin talakawa suka yi ta tsirowa a gefe, kuma motar haya ce ta ɗinke su da babbar kasuwa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sheikh Abubakar Gumi. Har gobe idan yaron mota ya ce "Kasuwa!" babu mai tambayar wace.

A ɗauki layin Kasuwa zuwa Kawo. Yaron mota yana rataye a bakin ƙofa, takardun naira a ninke tsakanin yatsunsa, yana buga jikin mota da tafin hannu: "Kawo! Kawo! Saura mutum ɗaya!" alhali kujera uku ce babu kowa. "Hajiya, a ɗan gyara wa Baba." "To ɗan nan, a kanka zan zauna?" A haka za a hau titin Ahmadu Bello, a wuce shataletale, a miƙe titin Ali Akilu. Mai ido a waje zai ga garin yana sauya kama: bankuna da manyan shaguna, sai zauren Lugard inda majalisar Arewa ta zauna, sai Unguwar Sarki mai masallacin Sultan Bello, sai Unguwar Kanawa da katangun sojoji, sai gadar sama ta Kawo. Idan Talata ce, ranar da kasuwar Kawo ke ci, tun daga nesa za a fara ganin buhunan hatsi da kejin kaji da mutanen ƙauyukan da ke kewaye. A nan layi ke rabuwa: ga Mando da hanyar filin jirgin sama, ga Rigacikun a kan hanyar Zariya, ga Hayin Banki da Rafin Guza a kusa.

Layin yamma kuwa wata duniya ce daban. Ta Tudun Wada ake bi, inda Kasuwar Barci take da dilolin gwanjo, ga maƙeran Panteka da ke mayar da tsohon ƙarfe injin niƙa ko ƙofar gida. A tsallake babban titin Nnamdi Azikiwe a faɗa Rigasa, unguwar da ta fi wasu garuruwa jama'a, wadda tashar jirgin ƙasa na Abuja ta ƙara wa hada-hada tun 2016. To a ce baƙo ya sauka daga jirgi yana son zuwa Malali ko Unguwar Rimi, can gabas. Idan ba shi da kuɗin shata, sai ya canza abin hawa sau biyu ko uku, yana tafe yana tambaya. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma yakan makara, yakan kuma biya fiye da ƙima. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kowane canjin mota ya zama abin lissafi ga ma'aikaci da ɗalibi da mai ƙaramar sana'a.

Akwai kuma dalilin da ya sa zancen ya fi nauyi a Kaduna. Rikicin addini na 2000 da na 2002 sun sa jama'a sun yi ƙaura, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudu. An haifi yara, sun girma, har wasu sun yi aure, ɗan Badarawa bai taɓa taka Narayi ba, ɗan Sabon Tasha bai san ina Unguwar Dosa take ba. Abin da kowa ya sani game da ɗaya ɓangaren ji ne kawai, kuma ji ba ya kawo labari mai daɗi. Amma motar Kasuwa zuwa Sabon Tasha ba ta daina tsallake gada ba. Kullum tana ɗauke da mai hijabi da mai zuwa coci a kujera ɗaya, ana miƙa wa juna canji, ana ciniki da Hausa. Takardar da za ta nuna Kawo da Gonin Gora a shafi guda, da layin da ya haɗa su, za ta tuna wa mutane cewa gari ɗaya suke.

Kayan aikin duk muna da su. Ga Jami'ar Jihar Kaduna, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada, ga cibiyar nazarin sufuri ta ƙasa a Zariya, ga waya a aljihun kusan kowane ɗalibi. Sai dai akwai abin lura. A fara da shugabannin tasha da 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW, don direban da ya ga ana rubuta hanyarsa zai zaci sabon haraji ne ke tafe. A rubuta sunayen da bakin jama'a ya saba da su, ko da sun saɓa wa na allon gwamnati, tun da fasinja da sunan da ya sani yake cewa a sauke shi. A sa hanyoyin keke Napep a ciki, domin a unguwanni da yawa inda bas ta tsaya nan keke ke ɗauka. A buga zanen da Hausa da Turanci a manna a tashoshi, kada a bar shi cikin waya kaɗai. Sannan a ɗora wa wani ofishi alhakin sabuntawa, don layin mota yana canzawa da buɗe sabon titi ko tashin kasuwa.

Kada kuma a ɗora wa taswira abin da ba za ta iya ba. Nairobi tana nan da cunkosonta har yau. Abin da ta samu shi ne idan za a yi gardama a kan inda ya kamata a sa sabon layi, akwai abin da za a nuna da yatsa. Kaduna na bukatar haka, musamman da gwamnatin jiha ta zuba manyan motoci masu amfani da gas a 2025. Motar da aka ɗora a titin da ya riga ya cika da bas ba za ta amfani matar da ke tafiyar rabin awa a ƙasa kafin ta kai bakin titi ba, kuma ba a sanin inda irin waɗannan mata suke sai an je ƙarshen layi.

Mai karatu ma ba sai ya jira kowa ba. Ranar da babu aiki, da rana tsaka, ya zaɓi layin da bai taɓa shiga ba, ya zauna kusa da taga, ya bi shi har inda direba zai kashe mota, ya sha shayi a wurin, ya tambayi sunan unguwa. Malamin da ke neman aikin da zai ba ɗalibansa a wannan zangon kuwa, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane rukuni layi ɗaya da kuɗin mota. Kafin a yi hutu, za a iya manna zanen farko a tashar Kawo, direbobi su taru su nuna inda aka yi kuskure.